Slim, Haddad da Helú: Fashin Baƙi Kan Sunayen Wani Gidan Fatake na Maroniyawa

Duk wanda ya ji sunan Carlos Slim, attajirin ƙasar Meziko da mujallar Forbes ta sanya a gaban kowa wajen dukiya a duniya shekara huɗu a jere, daga 2010 zuwa 2013, zai iya zaton sunan na Turawa ne. Sunan kuwa Larabci ne tsantsa, wanda ɗan makarantar allo ma ya san shi, domin Salim ne, kalmar nan da ta zo a Alƙur'ani inda ake maganar lafiyayyiyar zuciya. Cikakken sunan mutumin Carlos Slim Helú, mahaifinsa Julián Slim Haddad, marigayiya matarsa kuma Soumaya Domit Gemayel. Sunayen dangi biyar ke nan a ƙarƙashin rufi ɗaya, dukkansu sun taso daga duwatsun Labanan, daga cikin Kiristocin da ake kira Maroniyawa, amma kowanne da hanyar da ya bi ya zama sunan gida: wani sunan yanka ne na kaka, wani sana'a ce, wani laƙabi ne, wani kuma sunan waliyyi. Wanda ya iya warware waɗannan biyar ya kama hanyar gane yawancin sunayen fataken Labanan da suka bazu a duniya, har da waɗanda suka yi zamani a Kano.

Maroniyawa sun ɗauko sunansu daga wani mai zuhudu da ake kira Marun, wanda ya rayu a arewacin Sham kuma ya rasu wajen shekara ta 410. Almajiransa sun gina babban gidan ibada a bakin kogin Asi, daga baya kuma rigingimun aƙida tsakanin Kiristocin yankin da matsin masu mulki suka tura mabiyansu zuwa tsaunukan arewacin Labanan, musamman kwarin Ƙadisha, inda shugabannin cocin suka zauna a Ƙannubin tun daga 1440 har zuwa farkon ƙarni na 19. Suna bin Fafaroma kamar sauran Katolika, har ma aka buɗe musu makaranta ta musamman a birnin Rum a 1584, amma sun riƙe nasu tsarin: suna da shugaban kansu da suke kira Baɗarik, wanda fadarsa take Bkerke a yau, suna amfani da Suryaniyanci a wasu sassan ibadarsu ko da yake Larabci ne harshen gida tun ƙarnoni da suka wuce, kuma mai aure yana iya zama limamin coci a cikinsu. Wannan batu na ƙarshe yana da tasiri kai tsaye a kan sunaye, kamar yadda za a gani.

Gidan Slim ba daga wancan tsohon mazaunin na arewa ya fito ba, daga Jizzin yake, wani gari mai sanyi da ke kan dutse a gabas da birnin Saida, wanda aka san shi da ruwan da ke zubowa daga kan tsauni da kuma kurmin itatuwan da ke kewaye da shi. Jizzin a dā cibiyar karatu ce ta 'yan Shi'a, garin malamin nan Muhammad bin Makki da aka kashe a 1384. Maroniyawa sun fara gangarowa kudu da yawa ne a zamanin Sarki Fakhruddin na Biyu, Baduruze, wato ɗan al'ummar Duruzawa masu aƙidarsu ta dabam, wanda Usmaniyawa suka kama a wani kogo kusa da Jizzin ɗin, suka kashe shi a Istanbul a 1635. Shi da manyan gidajen Duruzawa da suka biyo bayansa suna bukatar hannaye masu noman itacen tut, wanda tsutsar alharini ke cin ganyensa, saboda haka suka buɗe wa manoman arewa ƙofa su zo su yi aiki a gonakinsu bisa rabon amfani. Da tafiya ta yi tafiya baƙin suka rinjayi garin. Ma'anar wannan ita ce yawancin gidajen Maroniyawan kudu sun riga sun yi ƙaura ɗaya a cikin ƙasarsu tun kafin jikokinsu su hau jirgin ruwa, kuma ƙaura, kowace iri ce, ita ce babbar masaƙar sunaye.

A ƙauyen Labanan ana kiran dangi da kalmar "bait", wato gida, a ce gidan wane, reshen da ya tsiro daga cikinsa kuma ana ce masa "jubb". Idan dangi ya yi yawa, ko wani ya yi faɗa da 'yan'uwansa, ko ya gudu daga haraji ko bashin jini ya sauka a wani gari, mutanen sabon wurin ba su damu da tsohon sunan gidansu ba; da abin da suka gani suke kiransa. In sun san shi da sunan ubansa, 'ya'yansa su zama gidan Salim. In sun san shi da garin da ya baro, nisbar garin ta manne masa. In maƙeri ne, shi ke nan ya zama Haddad. Bayan zuriya biyu ko uku sunan ya daskare, littafin baftisma na coci ya riƙe shi, daga baya kuma rajistar gwamnati ta buga masa hatimi. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda gidan fatake mafi shahara a Kano yana amsa sunan Dantata ne, wanda asalinsa laƙabi ne da aka yi wa Alhassan saboda Tata, matar da ta rene shi, kuma a cikin zuriya ɗaya laƙabin ya zama sunan da ake rubutawa a jikin kamfani.

Abin da ya sa Salim ya koma Slim shi ne bakin mutanen Labanan. A karin Larabcinsu na yau da kullum gajeren wasalin da ke gaɓar farko yakan faɗi idan dogon wasali na biye da shi, shi ya sa suke cewa "kbir" a maimakon "kabir", suke cewa "ktir" a maimakon "kasir". Da yaro daga Jizzin ya tsaya gaban malamin shige da fice ya faɗi sunan gidansu, abin da malamin ya ji shi ya rubuta. Don haka wannan rubutu, da mai karatun Ingilishi zai ɗauka yana nufin siriri, a gaskiya ya fi "Salim" ko "Selim" kusa da yadda masu sunan ke furta shi a gida. Saiwar kalmar ita ce wadda ta ba mu salama da sallama da Musulunci, kuma ma'anarta wanda ya kuɓuta daga aibi.

A nan ne masu neman asali ta hanyar suna kaɗai suke yawan yin tuntuɓe. Salim suna ne da ba ya nuna addini, Kirista na sa wa ɗansa, Baduruze na sawa, Musulmi na sawa, kuma a ƙasar da jama'a masu aƙidu dabam-dabam ke cin kasuwa ɗaya irin wannan suna yana da amfaninsa. Lokman Slim, marubuci kuma mawallafin da aka kashe a kudancin Labanan a watan Fabrairun 2021, daga gidan 'yan Shi'a ya fito. Mongi Slim, wanda ya shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1961, Musulmi ne ɗan Tunisiya. Rubutu ɗaya ne, kakanni dabam. Abin da ke raba gida da gida a Labanan shi ne haɗuwar suna da gari: Slim na Jizzin wani abu ne, Slim na wani wuri wani abu ne dabam, kuma ɗan ƙasar ba ya jin sunan dangi ya tsaya nan, sai ya tambaya daga wane ƙauye.

Akwai dai sunayen da ke tona asirin mai su tun kafin a tambaya. Domit, sunan gidan su Soumaya, na cikinsu, domin daga Mar Dumit yake, waliyyin da coci-coci da yawa a duwatsun Labanan ke ɗauke da sunansa, kamar yadda Marun da Sarkis da Sharbil suke. Haka nan muƙaman coci. Tunda limamin Maroniyawa yana iya zama mai iyali, 'ya'yansa sukan zama gidan Khuri, wato gidan liman, kuma shi ya sa wannan suna ya cika ko'ina, tun daga Bishara al-Khuri, shugaban Labanan na farko bayan samun 'yanci a 1943, har zuwa masu shaguna a Meziko da ke rubuta shi Kuri. Shidyaƙ da Shammas ma ƙananan muƙamai ne na masu yi wa coci hidima. Su waɗannan suna nuna Kiristanci, amma ba lallai su nuna ɗariƙar Maroniyawa ba, domin Kiristocin Otodoks da na ɗariƙar Malkiyya suna amsa su.

Haddad, wanda ya zo wa Julián ta wajen uwa, ya fi kowanne sauƙin fassara kuma ya fi kowanne yaudara. Ma'anarsa maƙeri, kuma kowane gari na da maƙerinsa, saboda haka gidajen Haddad da ba su haɗa jini ba suna da yawa a Labanan da Sham da Falasɗinu da Jodan, mafi yawansu Kiristoci, domin ƙira da sassaƙa da aikin zinariya sana'o'i ne da Kiristocin yankin suka daɗe suna riƙe da su. Najjar masassaƙi ne, Sayigh maƙerin farfaru, Khayyat maɗinki, Hayik masaƙi, wanda shi ne sunan da 'yar wasan fim Salma Hayek ta gada. A Jizzin kanta akwai wani gidan Haddad da ya yi suna tun 1770 wajen ƙera wuƙaƙe da cokula masu ƙota mai siffar tsuntsu, waɗanda shugabannin Labanan kan bayar kyauta ga manyan baƙi. Abin sha'awa ne a ga sunan sana'a da sana'ar kanta sun zauna tare fiye da shekara 250, domin a mafi yawan gidaje uwar maƙera ta daɗe da mutuwa, suna kaɗai ya rage.

Helú kuwa laƙabi ne, al-Hilu, mai zaƙi ko kyakkyawa, irin sunan da maƙwabta ke liƙa wa mutum ya bi zuriyarsa. Tsohon suna ne mai nauyi a cikin Maroniyawa: Yuhanna al-Hilu ya riƙe kujerar Baɗarik daga 1809 zuwa 1823, Charles Helou kuma ya shugabanci Labanan daga 1964 zuwa 1970. Gemayel shi ne Jumayyil, ƙaramtawar Jamil, kamar a ce ɗan kyakkyawa, kuma shi ne sunan gidan siyasar nan na garin Bikfaya da ya fitar da Pierre, wanda ya kafa jam'iyyar Kata'ib a 1936, da 'ya'yansa Bashir da Amin, waɗanda dukkansu aka zaɓa shugabannin ƙasa a 1982, na biyun bayan an kashe na farkon.

To, me ya fitar da Julián, mahaifin Carlos, daga Jizzin a 1902 yana yaro ɗan shekara 14? Labarin da aka saba bayarwa, a wannan gida da wasu gidaje masu yawa, shi ne iyaye suna tura 'ya'yansu maza ƙetare don kada Daular Usmaniyya ta ɗebe su aikin soja. Tsoron daular gaskiya ne, kuma tsofaffin Jizzin na lokacin sun ga yaƙin 1860 tsakanin Duruzawa da Maroniyawa da idonsu, wanda ya ci garin nasu. Sai dai bayan wannan yaƙi, a 1861, an ba Dutsen Labanan tsarin mulki na musamman ƙarƙashin gwamna Kirista, Jizzin na cikin gundumominsa, mutanensa ba a ɗibarsu soja, kuma daular ba ta fara tilasta wa waɗanda ba Musulmi ba shiga soja sai a 1909. A ganina dalilin da ya fi ƙarfi yana cikin gonar tut. Tattalin arzikin dutsen ya rataya ne gaba ɗaya a kan alharinin da ake sayar wa masaƙun birnin Liyon na Faransa. Lokacin da cuta ta kashe tsutsar alharini a Turai kuɗi sun shigo, jama'a ta ƙaru, gonaki suka tsattsage wajen rabon gado. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 alharinin Sin da Japan ya samu gajeriyar hanya zuwa Turai, farashi ya karye, sai ga samari da yawa masu ɗan karatun mishan, ba gona ba aiki, ga kuma jiragen ruwa masu tururi a tashar Bairut da dillalan da ke sayar da tikiti bashi. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya wani babban kaso na mutanen dutsen ya riga ya fita. Labarin gudun zalunci ya fi daɗin bayarwa ga jikoki fiye da labarin karyewar farashi, kuma ya fi samun tausayin ƙasar da aka sauka.

Yaron da aka haifa da suna Khalil a 1888 ya sauka a Meziko bai iya Sifaniyanci ba, ya tarar da yayyensa da suka riga shi zuwa, waɗanda tarihi ya riƙe da sunayen José da Elías da Carlos da Pedro. Yusuf da Iliyas da Buɗrus suna da takwarorinsu a kowane harshen Kirista, don haka juya irinsu ba wuya. Khalil ba shi da takwara, sai aka nemi abin da ya yi kama da shi a kunne, kuma da yake harafin J a Sifaniyanci ana furta shi kamar "kha" ta Larabci, Julián ya zauna daidai. Harafin "ha" mai fitowa daga maƙogwaro shi ne ya yi asara, domin an rubuta shi da H, wadda Sifaniyawa ba sa furtawa sam, ta yadda mutumin Meziko yake kiran Helú da Elu. Jama'ar gari kuma ba su wahalar da kansu da wannan duka ba, "turko" suke ce wa kowa, wato Baturke, saboda fasfon Usmaniyya da baƙin suka shigo da shi. Su kansu baƙin, da suka tara kuɗi suka ba birnin Meziko kyautar agogo a bikin cika shekara 100 da fara gwagwarmayar 'yanci a 1910, da sunan al'ummar Usmaniyya suka bayar, kuma har yau Agogon Usmaniyya ake ce masa. Ƙasar Labanan da iyakokinta na yanzu ba ta samu ba sai a 1920.

Sana'ar da suka shiga ita ce ta 'yan koli: allura, zare, maɓalli, madubi, leshi da yadi, a cikin akwatin da ake saɓawa a bi ƙauyuka, ana sayarwa bashi ana karɓar biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya riga zuwa shi ke ba sabon zuwa kaya a kan amana, kuma jinginar da ake karɓa ita ce sanin gidansu da ƙauyensu, domin wanda ya ci amana a garin Tampico na Meziko labarinsa zai isa Jizzin cikin wasiƙa. A nan sunan dangi ya tashi daga alamar asali ya zama jari. A 1911 Julián da wansa José suka buɗe shagon koli a tsakiyar birnin Meziko, suka sa masa suna La Estrella de Oriente, wato Tauraron Gabas, a 1914 kuma, ana tsakiyar yaƙin juyin juya hali, Julián ya sayi rabon wan nasa, ya ci gaba da sayen gine-gine a daidai lokacin da masu su ke neman hanyar tsira da kuɗinsu. Ba shi kaɗai ya bi wannan turba ba: manyan kantunan Chedraui na yau sun faro ne daga shagon koli da Lázaro Chedraui da matarsa suka buɗe a Xalapa a 1920, kuma wannan suna misali ne na nisba, mai komawa ga ƙauyen Shadra.

Igiyar ruwan da ta kai Khalil Meziko ita ce ta kawo wasu gaɓar Afirka ta Yamma. Mutumin da aka fi ambata a matsayin ɗan Labanan na farko a Legas, a ƙarshen ƙarni na 19, daga Miziyara ya fito, ƙauyen Maroniyawa a arewa, kuma daga nan ne iyayen Gilbert Chagoury, wanda aka haifa a Legas a 1946, suka zo. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano Kwarori suka shiga cinikin gyaɗa da yadi, suka kafa shaguna a Kantin Kwari, sunan titin Bairut kuma ya rage shaida. Na Kano gauraye ne, akwai Kiristoci, akwai kuma 'yan Shi'a masu yawa daga kudancin Labanan, amma tsarin ɗaya ne: ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwa, ƙauye guda ya tare a gari guda. Yawan Maroniyawan yankin ya kai har aka kafa musu mazaunin bishop a Ibadan, kamar yadda aka kafa wa na Meziko nasu a 1995.

Abin da ake kira gadon irin wannan gida ya fi zama a cikin aure da tarbiyya. A 1926 Julián ya auri Linda Helú, wadda aka haifa a Parral ta jihar Chihuahua, 'yar José Helú, mutumin da ya shigo da injin buga Larabci Meziko ya riƙa fitar da mujalla don 'yan'uwansa baƙi. Ɗan koli ya auri 'yar mai ɗab'i, dukkansu daga dutse ɗaya, ɗansu kuma ya sake auro 'yar Domit da Gemayel. Carlos, wanda aka haifa ranar 28 ga Janairun 1940, ya sha bayyana cewa mahaifinsu ya ba kowannensu littafin lissafi, ya sa su rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, yana dubawa kowane mako, kuma yana ɗan shekara 12 ya sayi hannun jarinsa na farko a banki. Uban ya rasu a 1953. Ba daidai ba ne a ce littafin nan ne ya haifi dukiyar da ta biyo baya, domin ta yi tsalle ne bayan ya sayi kamfanoni da araha a rikicin tattalin arzikin 1982, sannan ya samu kamfanin tarho na gwamnati, Telmex, a 1990, cinikin da har yau 'yan Meziko ke muhawara a kansa saboda yadda ya bar kasuwar kusan a hannun mutum ɗaya.

Dokokin ƙasashen biyu suna yi wa waɗannan sunaye tankaɗe iri ɗaya ta hanyoyi mabambanta. A al'adar Meziko mutum na ɗaukar sunan dangin uba sannan na uwa, amma na uwar zuriya ɗaya kawai yake rayuwa: Haddad ya tsaya a kan Julián, Helú ya tsaya a kan Carlos da 'yan'uwansa, 'ya'yansa shida kuma Slim Domit suke amsawa. A Labanan dokar 1925 ta sa ɗan ƙasanci yana bin uba kaɗai, rajistar kowane gida tana ɗaure da garin asali, a can ake zaɓe ko da an haifi mutum a Bairut, matar da ta yi aure kuma ana mayar da sunanta rajistar mijinta. Dokar 2015 da ta ba jikokin 'yan ƙaura damar dawo da ɗan ƙasancinsu ita ma ta layin maza ta bi. Saboda haka idan aka bi sunan da ya tsira kaɗai, za a isa Jizzin, inda Carlos ya kai ziyara a 2010, a bar gidaje huɗu a hanya, alhali injin ɗab'in José Helú da dangantakar Bikfaya ta hannun mata suka shigo gidan.

Sunan Soumaya, wadda ta rasu a 1999, ya samu wata hanyar. Gidan adana kayan fasaha da mijinta ya kafa a 1994, wanda sabon gininsa mai sulke mai launin azurfa ya buɗe a 2011, sunanta yake amsawa. Rukunin kamfanonin gidan kuma ba a kira shi Slim ba, Carso ake ce masa, haruffa uku na farkon Carlos da biyu na farkon Soumaya, kuma unguwar kasuwancin da ginin yake cikinta a birnin Meziko ita ma Plaza Carso ce.